Kafin a ce wane ya haye, a tambayi ƙofar da ya bi

A wajen wani suna a Zango na ji ana taya wani dattijo murna, wai ɗansa ya samu bizar Kanada. "Alhaji, ai shi ke nan, yaro ya haye," in ji wani, sauran jama'a suka yi ta barka. Na tambayi na kusa da ni a hankali, wace irin biza ce? Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, biza ai biza ce." Amsar nan ce ta hana ni sakat.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, ƙofar da mai ilimi ya bi ya shiga ƙasar waje ta fi takardar digirinsa tasiri a kan irin aikin da zai yi da irin zaman da zai yi da iyalinsa, aƙalla a shekarun farko, waɗanda kuma su ne shekarun ƙarfinsa. Mutum biyu za su fito daga aji ɗaya a Jami'ar André Salifou ta Zinder, su sauka gari ɗaya a ƙasa ɗaya. Na farko yana da ƴancin barin duk aikin da bai yi masa ba, amma aikin da ya karanta ya gagare shi. Na biyu yana aikin da ya karanta tun ranar farko, amma bai isa ya ɗaga murya gaban ubangidansa ba. Dukkansu a gida cewa ake sun haye.

Ba maganar masu keta Sahara zuwa Aljeriya ko Libiya nake ba, wannan wani ciwon ne daban. Ina maganar likita da ma'aikaciyar jinya da injiniya da malamin lissafi da mai aikin kwamfuta, waɗanda ƙasashen waje da kansu ke cewa suna nema.

Ƙofar maki

Kanada ce ta fara auna masu son shiga da maki a 1967. Tun Janairun 2015 tsarin ya koma intanet da sunan Express Entry. Za ka zuba bayananka, na'ura ta ba ka maki cikin 1,200, ka shiga layi da mutanen duniya, lokaci zuwa lokaci a ɗebi na sama a gayyace su. Abin da ake aunawa shekarunka ne, da ilminka, da ƙarfin Turanci ko Faransancinka, da yawan shekarun da ka yi kana aiki.

Duk wanda ya taɓa sayen rago a kasuwar Dole ya san yadda ake yi: a buɗe baki a duba haƙori, a taɓa gadon baya, a ɗaga a ji nauyi. Mai saye ba ya tambayar garken da ragon ya fito ko wa ya sha wahalar kiwonsa. Haka tsarin maki yake, kuma ban ga laifinsa a nan ba, domin bai taɓa ɓoye cewa saye ya zo yi ba.

Haƙorin da ake dubawa shi ne shekaru. Mai shekara 20 zuwa 29 ke samun cikakken maki, 110 idan shi kaɗai ne. Daga 30 makin ke fara zubewa duk shekara, a 45 kuma babu ko ɗaya. To lissafa wa ɗan Damagaram. Ya samu bak ɗinsa, wato takardar kammala sakandare, a makare, yajin aikin malamai da na ɗalibai sun ci masa shekara ɗaya ko biyu a jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya yi zaman fada yana jiran kwantiragi, sannan ya tara shekarun aikin da ake nema. Kafin ya san da wani abu wai shi Express Entry ya ba talatin baya. Ɗan wata ƙasa da ya gama digiri yana da shekara 22 ya riga shi da maki masu yawa ba tare da ya fi shi sanin komai ba.

Abu ɗaya ya faɗo mana a dama. Tun 2023 Kanada ta ware gayyata ta musamman ga masu Faransanci, saboda tana son ƙara yawansu a lardunan da ke wajen Kebek, kuma makin da ake tsayawa a wannan layi yakan yi ƙasa da na babban layi sosai. Abin dariya, a Maris ɗin 2025 mu ƴan Nijar muka fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Harshen da muka sauke daga kujera a gida shi ne wanda Kanada ta fi ba kuɗi a jikin yaranmu. Shi ya sa za ka ga matasa a fada sun ajiye karta suna bitar jarrabawar Faransanci ta TCF a waya.

Wanda ya ci ta wannan ƙofa yana sauka da takardar zama ta dindindin. Takardar tasa ce, babu kamfanin da ya riƙe masa ita. Zai zauna lardin da ya ga dama, ya sauya aiki, ya koma makaranta, matarsa ta yi aiki, yaransa su shiga makarantar gwamnati. Wannan babban abu ne, kuma ba zan rage masa daraja ba.

Matsalar ita ce wanda ya ba ka maki ba shi ne zai ɗauke ka aiki ba. Wata hukuma ce da gwamnatin tarayya ta amince da ita ta tantance digirinka ta ce ya yi daidai da nasu, amma tantancewar ta shiga ƙasa ce kawai. Lasisin likitanci ko jinya ko injiniyanci ko koyarwa yana hannun hukumomin sana'a na kowane lardi, su kuma da nasu jarrabawar da nasu kuɗin da nasu layin. Likitan da ya yi shekaru yana karɓar haihuwa da tiyatar gaggawa a Mirriya ko Magariya zai ci jarrabawar, sannan ya tarar sai ya sake horo a asibiti, guraben horon da aka ware wa masu digirin waje kuwa kaɗan ne. Kafin nan akwai kuɗin haya da za a biya ƙarshen wata. Sai ya shiga sito yana jera kwalaye, ko gadi da dare, ko kai wa mutane abinci gida-gida. Da niyyar wata shida ya fara. Bayan shekara huɗu hannunsa ya yi sanyi, takardar neman aikinsa ta yi giɓin da babu mai son gani.

Ko sana'ar da ba ta buƙatar lasisi ma akwai shinge. Wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Toronto, Philip Oreopoulos, ya aika takardun neman aiki na gwaji kimanin 13,000 ga kamfanoni, ya wallafa sakamakon a 2011. Takardun da ke ɗauke da sunan Bature sun fi samun kira, ko da ilmi da ƙwarewa ɗaya ne, kuma aikin da mutum ya yi a ƙasar waje bai kai wanda ya yi a Kanada daraja a idon masu ɗauka ba. Wato shekarun aikin da suka ba ka maki a ƙofa su ne kamfani ke kau da kai daga gare su bayan ka shiga. Su ma sun san da haka. A Mayun 2023 hukumar injiniyoyin lardin Ontariyo ta cire sharaɗin sai mutum ya taɓa aiki a Kanada kafin ta ba shi lasisi. Gyara ne mai kyau, amma ya zo bayan shekaru 56 da fara raba maki.

Sannan ƙofar nan tana auna aljihu ko da ba ta rubuta shi cikin maki ba. Bayan kuɗin jarrabawar harshe, wadda sakamakonta shekara biyu kawai yake aiki, da kuɗin tantance digiri da na asibiti da na dosiye, mutum ɗaya tilo sai ya nuna yana da sama da dalar Kanada 14,000 a banki, wajen miliyan shida na sefa. Malamin kwantiragi nawa ne a Birni ko Garin Malam ya taɓa ganin miliyan shida a wuri ɗaya? Wanda ya tafi, sau da yawa gonar gado ce ko filin Inna ya tafi da shi. Yana jera kwalaye a sito yana tuna filin.

Ƙofar ubangida

Ɗaya ƙofar ita ce wadda kamfani ko asibiti ya neme ka, aka ba ka izinin aiki da sunansa a jiki. A nan aikin na jiranka tun kafin ka hau jirgi, kuma sau da yawa shi ne wanda ka karanta. Ta wannan fuska ta fi ƙofar maki nesa ba kusa ba, domin wanda ya zaɓe ka shi ne mai buƙatarka.

Amma zamanka a ƙasar a ɗaure yake da aikin. A Amurka mai bizar aiki ta H-1B idan aka sallame shi, kwana 60 gare shi ya samu wani kamfanin da zai ɗauki nauyinsa ko ya tattara. A Ingila ma kwana 60 ne bisa al'ada. A Kanada akwai izinin aiki rufaffe, wanda ba ya barin mutum ya yi wa kowa aiki sai wanda sunansa ke kan takardar. Mutanenmu ba baƙin wannan tsari ba ne. Duk wanda ke da ɗan uwa da ya yi zaman Saudiyya ya san kafili, ya san abin da ake nufi idan aka ce fasfo yana hannun mai gida. Mun ɗauka ƙasashen Larabawa kaɗai ke da shi. A Satumbar 2023 wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan bautar zamani, Tomoya Obokata, bayan ya zagaya Kanada, ya ce tsarinta na ma'aikatan wucin gadi wuri ne da irin wannan bauta ke iya tsira a cikinsa.

Ba sai an doki mutum ba. Ya isa ace an ƙara maka awa ba a ƙara kuɗi ba, ka yi shiru. An ɗora wanda ka koya wa aiki a kanka, ka yi shiru. Baba ya rasu, ka nemi mako biyu ka zo gida, aka ɓata rai, ka karɓi gaisuwa ta WhatsApp. Kowane shiru yana da dalili guda: takardar. Kanada ta buɗe hanya tun 2019 ga wanda ake zalunta ya nemi izinin aiki buɗaɗɗe, amma sai ya kawo hujja, kuma baƙon da bai san kowa ba, wanda gida goma ke jiran saƙonsa, ba kasafai yake kai ƙarar mai ciyar da shi ba.

A wannan ƙofa ce kuma ƴan damfara suka fi kafa rumfa. Sayar da takardar ɗaukar aiki ta ƙarya ya yi yawa har Kanada ta soke makin da take bayarwa a kan tayin aiki a Maris ɗin 2025. Duk wanda ya ce maka kawo miliyan biyu ya samo maka kwantiragi a Kebek, ka riƙe kuɗinka.

Likitocinmu da suka nufi Faransa sun faɗa wani wuri tsakanin ƙofofin biyu. Ana kiransu PADHUE, masu digirin da ba na Tarayyar Turai ba. Asibitocin ƙananan garuruwa, inda likitocin Faransa ba sa son zama, da su suke tsaye. Suna kwana a sashen gaggawa, suna duba marasa lafiya kamar kowa, amma albashinsu bai kama ƙafar na abokan aikinsu ba, kwantiraginsu kuma na ƴan watanni ne. Kafin a ɗauke su cikakkun likitoci sai sun ci gasar da ake kira EVC, wadda gurabenta ƙididdigaggu ne, sannan su yi shekara biyu ƙarƙashin kulawa. Mutum zai iya samun makin da ya isa, a ce gurbi ya ƙare. Idan bai iya aikin ba, me ya sa aka bar masa rayukan mutane da tsakar dare? Idan ya iya, me ake gwadawa?

Iyalin da takarda ta sani

Nan ne abin ya fi ci mini rai, kuma nan ne ba a cika magana a wajen barka ba.

A tsarin makin Kanada, idan za ka tafi da matarka, ana ɗebe har maki 40 daga naka a mayar da su kanta: ilminta, harshenta, da ko ta taɓa aiki a can. Idan uwargida ta yi jami'a tana jin Faransanci, kun tsira. Idan Islamiyya ta yi, ko ta sauke Alƙur'ani, ko ita ke riƙe da gida da sana'ar ƙuli-ƙuli tun kana ɗalibi, a idon na'ura sifili ce, kuma ta ja makinka ƙasa. Sai masu ba da shawara su ce maka, rubuta cewa ba za ta bi ka yanzu ba, idan ka zauna ka ɗauko ta. Doka ta yarda da haka. Amma ɗaukowar dosiye ce sabuwa, da jira sabo, kuma mutumin da ke gadi da dare bai cika gaggawar ƙara baki a ɗakinsa ba. Mace na zaune gidan surukai da yara, ba bazawara ba, ba mai miji a kusa ba, ana ce mata ta yi haƙuri ai maigida yana Turai. Ƙaramin yaron ya san Abbansa a fuskar waya.

Mai mata biyu kuma lissafinsa ya fi haka ɗaci. Auren mace fiye da ɗaya laifi ne a dokar Kanada, hukumar shige da fice kuma auren farko kaɗai take iya gani. Faransa ta rufe wannan hanya tun dokar 1993. Wa zai zauna ya gaya wa amarya cewa a takardun da za a cike babu layin da za a rubuta sunanta?

Akwai wani tarkon da mutane da yawa ba su sani ba. Tun Yunin 2015 Kanada ba ta karɓar auren da aka ɗaura alhali ɗaya daga cikin ma'auratan ba ya wurin da jikinsa. To yaya muke ɗaurin aure a Damagaram? Waliyyin amarya da wakilin ango ne ke gaban liman, a ba da sadaki, a raba goro da dabino, a shafa fatiha. Amarya tana cikin gida da ƙawayenta. Saurayin da ya riga ya tafi, ya aiko da kuɗi kawu ya karɓa masa aure, yana iya tarar cewa auren da duk unguwa ta shaida ba aure ba ne a wurin jami'in biza. Dole ya zo da kansa, su tsaya su biyu a ma'aikatar magajin gari su sa hannu. Idan yana kan takardar ubangida, zuwan ma sai an roƙa.

Haka batun yara. Ɗan da takarda ta sani shi ne wanda ka haifa ko wanda kotu ta ba ka, kuma a Kanada sai bai kai shekara 22 ba. Ɗan yayarka da ka riƙa tun yana rarrafe, wanda bai san wani uba ba sai kai, ba ya cikin lissafi. Wanda kuma ya ɓoye wani ɗa ko wata mata lokacin cike dosiye don abin ya yi sauri, ƙa'idar Kanada ita ce ba zai iya ɗauko su daga baya ba har abada, in ban da ƴan rukunan da aka yi wa sassauci. Ƙarya ɗaya a sibar kafe tana iya raba uba da ɗansa.

Iyaye fa? A wurinmu su ne farkon iyali. A can ba sa cikin dosiyenka. Shirin ɗauko iyaye na Kanada gurabensa kaɗan ne, har ƙuri'a aka riƙa yi. Yawancin masu tafiya sun san a ransu cewa jinyar Inna ƙannensu ne za su yi ta, su nasu aika kuɗin magani.

Ƙofar ubangida ita ma tana da nata hukuncin a kan iyali, kuma yana sauyawa ba tare da an shawarci kowa ba. Matar mai H-1B, ko da ita ma injiniya ce, ba ta da izinin aiki sai dosiyen mijin na zama dindindin ya kai wani mataki. Ƴan uwanmu na Kano da Katsina da suka shiga Ingila aikin kula da tsofaffi sun ga yadda tun 11 ga Maris 2024 aka hana sababbin shiga tafiya da mata ko miji ko yara. A Faransa mai takardar da a da ake kira fasfon gwaninta, wadda aka ƙirƙiro a 2016, yana shiga da iyalinsa kuma matarsa na da izinin aiki. Abokinsa mai takardar ma'aikaci ta gama-gari sai ya yi wata 18 kafin ma ya nemi a kawo masa iyali, kuma sai an auna albashinsa da faɗin ɗakinsa. Ƙasa ɗaya, gari ɗaya, wataƙila ma bene ɗaya.

Wani lokaci kuma matar ce ta fi maki. Ita ce ma'aikaciyar jinya, ita ce ƙarama a shekaru, sai a sa sunanta a gaba, maigida ya bi ta. Ni ban ga aibu a nan ba. Amma gidan da ba a taɓa zama an yi wannan magana ba tun a Zinder, a can cikin sanyi za a yi ta, kuma ba da daɗi ba.

Abin da za a ce mini

Za a ce ƙasarsu ce, suna da ikon zaɓen wanda suke so. Haka ne. Mu ma ba ma barin kowa ya buɗe asibiti a Sabon Gari don kawai ya ce shi likita ne. Abin da nake ƙi shi ne a zaɓi mutum saboda digirinsa sannan a hana shi amfani da digirin. Ostareliya tana sa a tantance sana'ar mutum a wurin hukumar sana'ar kafin ya nemi bizar maki. Da kowa zai yi haka, da likita ya san matsayinsa tun yana gida, kafin a sayar da fili.

Za a ce ko gadi ne a can ya fi albashin kwantiragi a nan. Idan aka canza dala zuwa sefa, gaskiya ne. Amma ba a sefa yake biyan haya ba, kuma ba wannan ne cinikin da aka yi da shi ba. Wanda ya tafi da sanin cewa shekara biyar zai yi yana gadi don yaransa su yi karatu, ya zaɓa da idonsa a buɗe, ina girmama shi. Wanda nake tausayi shi ne wanda ya tafi yana zaton fararen kaya na jiransa, yanzu kunya ta hana shi faɗa wa gida gaskiya, yana ɗaukar hoto gaban motar da ba tasa ba. Hoton ne kuma zai ja ƙaninsa.

Za a ce to caca ta fi adalci, tunda ba ta duba shekaru ko aljihu. Ƙuri'ar bizar Amurka, wadda dokar 1990 ta kafa da gurabe 55,000 a shekara, bak ko ƙwarewar aiki ta shekara biyu kawai take nema, kuma wanda ya ci, aka kuma ba shi bizar, yana samun takardarsa a hannunsa tare da matarsa da ƙananan yaransa. Shekara da shekaru muna cike ta, har maƙwabtanmu na Najeriya, da aka cire su daga ciki, suna mana kallon masu sa'a. Sai dai mai digirin da ya ci ta shi ma daga ƙasa yake farawa, babu mai jiransa. Kuma a Disambar 2025 Amurka ta sa Nijar cikin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa gaba ɗaya. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai ma a rufe yake tun Janairun 2024. Mutum zai shekara yana tara takardu, siyasar da ba shi ya ƙulla ta ba ta share su a dare ɗaya.

Za a kuma ce ina sare wa matasa gwiwa. A'a. Wanda ya samu hanya ta halal ya tafi, Allah ya ba da sa'a. Ina so ne kawai dattijon da ake yi wa barka ya iya yi wa ɗansa tambayoyin da suka dace. Takardar da sunan wa take, naka ko na kamfani? Idan aikin ya ƙare, kwana nawa gare ka? Aikin da ka karanta za ka yi, ko sai ka sake jarrabawa, kuma shekara nawa ke nan? Matarka tana cikin dosiyen? An rubuta duk yaran? Uwar yaran ma tana da haƙƙin jin amsoshin kafin a kai filin kasuwa.

Namu ɓangaren

Nijar tana cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, waɗanda ta ce kada ƙasashe masu arziki su riƙa zuwa farautar ma'aikata a cikinsu. Jerin bai hana mutum tafiya da ƙafarsa ba. Abin da ya ba da shawara shi ne, idan za a ɗauka, a yi yarjejeniya tsakanin gwamnati da gwamnati. Duk ma'aikaciyar jinyar da ta fito daga makarantar kiwon lafiya ta Zinder ta tafi, kuɗin talaka ne ya horar da ita. Idan ta je can ta ƙare a wanke-wanke, an yi asara sau biyu: layin babban asibitin Zinder ya ƙara tsawo, ita ma ba ta zama abin da ta karanta ba.

Hana fita ba zai yi ba, mutumin da bai ga albashi a kan kari ba zai samu hanya. Abin da hukumominmu za su iya shi ne su nemi irin waccan yarjejeniya, a rubuta a ciki cewa za a amince da digirin tun kafin tafiya, takardar zama ta kasance a hannun ma'aikaci, iyali su bi shi, ƙasar da ta ɗauka kuma ta zuba wani abu a makarantun da suka horar da shi. Jami'o'inmu su sauƙaƙa aika sakamakon ɗalibi kai tsaye ga hukumomin tantancewa. Ma'aikatun magajin gari su daidaita sunaye, don wanda takardar haihuwarsa ta ce Mahamadou, digirinsa ya ce Mamane, fasfonsa ya ce wani abu daban, dosiyensa a nan yake maƙalewa.

Ko don amfanin kanmu ma ya kamata mu damu da ƙofar da suke bi. Mai takardar dindindin ta Kanada kwana 730 kawai ake so ya yi a ƙasar cikin kowace shekara biyar. Irinsa zai iya zuwa ya yi zango ɗaya yana koyarwa a jami'a, ko ya yi wata biyu yana tiyata a asibitinmu, ya koma ba tare da ya rasa komai ba. Wanda takardarsa ke aljihun ubangida, hutun mako uku ma sai an sa masa hannu.